Taɓin Hankali Na Sikizofiriniya, Tsakanin Gado Da Nauyin Rayuwa: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan uwan marasa lafiya suka fi yi a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, a zaure ko a kan bencin asibiti. An tara su ne domin mai ɗa, ko ƙane, ko mata da ke cikin wannan hali. Karanta su ba ya ɗauke wa mutum zuwa ganin likita.

Wace cuta ce wannan, kuma ta yaya ake gane ta?

Ba duk wanda ya fita hayyacinsa ne yake da ita ba. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yana sa sambatu, haka taifot mai tsanani, haka wanda ya sha zaƙami. Waɗannan da an kashe tushen abin sai hankali ya dawo. Maijego ma takan rikice a makonnin farko bayan haihuwa, wannan kuma babinsa daban. Sikizofiriniya a hankali take shigowa, yawanci daga ƙarshen samartaka zuwa shekara 30, ta kuma zauna wata da watanni. Ta fi kama maza da wuri, mata takan ɗan jinkirta musu.

Ga yadda takan fara. Saurayi ne da aka sani da gona da majalisa, sai ya fara janye jiki. Wanka sai an yi da gaske. Dare ya raba ana jin takunsa a tsakar gida. A kawo masa tuwo ya ture kwanon, ya ce sai wanda aka kwasa daga tukunya a gabansa. Wata rana a tarar ya cusa tsumma a kafar taga, wai ana leƙensa. Yakan tsaya ya kasa kunne ya ba da amsa alhali babu kowa, domin shi da gaske muryar yake ji sarai. Zancensa ya riƙa tsinkewa, ya kama wannan ya saki ya kama wancan.

Abin da gida suka fi kasa ganewa shi ne ɓangaren shirun: fuska ba walwala, ba kuzarin yin komai, yini guda a kan tabarma. Sai a ce lalaci ne ko mutuwar zuciya, alhali wannan ma cutar ce. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 24 ne ke da ita a duniya a lokacin, wato 1 cikin kowane 300, kuma ba ta ware wata ƙabila ko addini ba.

Gado ce?

Akwai gado a ciki, mai ƙarfi ma kuwa. Sai dai abin da ake gada shi ne rauni, wato sauƙin kamuwa. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne zai gamu da ita a tsawon rayuwarsa. Wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ciki ɗaya yake da ita, nasa lissafin ya tashi zuwa wajen 10 cikin 100. Idan uwa da uba duka suna da ita, ya haura ɗaya cikin huɗu, wasu ƙididdigar ma sun kai shi kusan rabi.

Tagwaye ne suka fi fayyace zancen. Hassan da Husaini da suka fito daga ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne sak. Da cutar gado ce zalla, duk ranar da ta kama Hassan to Husaini ma ya shirya. Ba haka abin yake ba. Wani bincike a Denmak da aka fitar a 2018, wanda ya bi tagwaye sama da 30,000, ya nuna cewa a cikin masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, a kashi 33 cikin 100 ne kawai ɗayan ma yake kamuwa. Tsofaffin bincike sun kai adadin kusan rabi. Ko ta ina aka duba, akwai wani babban gurbi da gado bai cike ba.

Masu tsoron zuri'a kuma su juya lissafin su gani: a cikin 'ya'ya 10 na mai wannan cuta, wajen 9 ba za su taɓa yin ta ba.

To mu a gidanmu ba wanda ya taɓa yi, daga ina ta fito?

Yawancin masu ita ba su da wani na kusa mai ita. Dalili kuwa, ba ƙwayar gado ɗaya ce take kawo ta ba, saɓanin yadda ake samu a ciwon sikila. Wani gagarumin bincike da aka fitar a 2022 ya gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan'adam da ke da hannu a ciki, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa. Kowa yana ɗauke da wasu. Uba yana da nasa kaɗan, uwa tana da nata kaɗan, dukansu lafiya lau, sai a wajen ɗa ɗaya rabon ya taru ya yi yawa. Saboda haka gorin da ake yi tsakanin dangin miji da dangin mata, kowa yana cewa daga can aka kwaso, ba shi da tushe.

Ta yaya raunin da wahalar rayuwa suke haɗuwa?

Dubi katangun ƙasa a damina. Ruwa ɗaya ne yake sauka a kan garin duka, amma ba duka katangu ne suke faɗuwa ba. Wadda aka gina da ƙasa mai yashi, ruwan kwana biyu ya ishe ta. Wadda aka gina da jar ƙasa da ta sha cuɗa, sai an yi irin ambaliyar Haɗeja kafin ta motsa. Mai rauni kuma, idan ana yi mata yaɓe duk shekara aka gyara mata magudana, tana iya tsufa a tsaye.

Wannan fahimta ce masana biyu a Amurka, Joseph Zubin da Bonnie Spring, suka tsara a 1977, kuma har yau a kanta likitoci suke aiki. Kowane mutum yana da iyakar abin da ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauka. Mai rauni sosai, hidimar yau da kullum ma tana iya tsallake masa iyaka. Mai rauni kaɗan sai abu ya yi tsanani. Wanda ba shi da irin wannan raunin, wahala tana iya sa masa hawan jini ko ciwon damuwa, amma da wuya ta kai shi ga wannan cuta.

An gwada zancen a aikace a ƙasar Finlan. Wani likita, Pekka Tienari, ya shafe shekaru yana bin yaran da uwayensu ke da cutar, waɗanda aka ba da su riƙo a wasu gidaje tun suna ƙanana, yana kwatanta su da 'yan riƙon da uwayensu lafiyayyu ne. Masu raunin gado da suka tashi a gidan rikici da rashin jituwa, su ne cutar da makamantanta suka fi kamawa nesa ba kusa ba. Masu raunin da suka tashi a gida mai zaman lafiya, adadinsu bai yi wa na sauran yara nisa ba. Waɗanda ba su da raunin kuwa, gidan rikicin bai ƙara musu wani abin kirki ba. Sai abu biyun sun gamu.

A cikin ƙwaƙwalwa, inda aka fi sa ido shi ne wani sinadari mai suna dofamin, wanda cikin aikinsa akwai nuna wa mutum abin da ya kamata ya ba muhimmanci. Idan ya yi yawa a wani sashe, komai sai ya zama ishara: tarin maƙwabci, kallon mai shayi, labarin rediyo. Tashin hankali, rashin barci da wasu kayan maye duk suna zuga wannan sinadari. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa shekarun samartaka su ne mafi hatsari.

Malam, ɗana lafiyarsa ƙalau sai da ya tafi ci-rani Legas. Ba can aka yi masa wani abu ba?

Baba, a duba abin da ci-rani ya ƙunsa. Yaro ya bar inda kowa ya san shi ya faɗa inda ba ya jin yarensu. Yana kwana a rumfa ko a bakin shago, barcin rabi da rabi saboda tsoron ɓarayi da kame. Yana tuƙa acaɓa ko tura kura tun asuba, abokai suna miƙa masa ƙwaya wai don ƙarfin aiki, gida kuma ana waya ana tambayar kuɗin taki. Ga mai rauni, wannan kaya ne da ya isa. Bincike a ƙasashen Turai ya daɗe da nuna cewa baƙin da suka yi ƙaura zuwa can da 'ya'yansu sun fi 'yan ƙasa kamuwa, musamman inda suke tsiraru ana nuna musu wariya. Dubban samari suna zuwa ci-rani su dawo lafiya, don haka ba Legas ɗin ba ce ita kaɗai.

Haka zancen yake ga wanda aka aurar da budurwarsa, ko ambaliya ta cinye masa gonar shinkafa, ko mahaifinsa ya rasu. Tun 1968 wasu masu bincike a Landan, Brown da Birley, suka lura cewa manyan al'amura sukan taru a makonni 3 kafin tashin ciwon. Ba kuma sai na baƙin ciki ba. Biki, haihuwa, sabon aiki, duk suna girgiza mutum.

Wani lokaci kuma lissafin a juye yake. Ana cewa korarsa daga aiki ce ta taɓa shi, alhali ciwon ne ya riga ya fara cin sa a ɓoye, ya daina mai da hankali, shi ya sa aka kore shi. Idan aka zauna da mahaifiyarsa aka bi baya, sau da yawa za ta ce ai tun bara ta ga ya canza.

Raunin duk daga iyaye yake zuwa?

A'a, wani a ciki ake samun sa, wani a wajen haihuwa. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holan. Yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, da suka girma, cutar ta kama su ninki biyu na sauran. Aka sake ganin irin haka a waɗanda aka haifa lokacin yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961. Doguwar naƙuda da jariri ya rasa iska, haihuwar bakwaini, da wasu cututtuka da ke kama mai ciki, duk suna ƙara hatsarin. Haka ɗan da aka haifa uba ya manyanta, ko da yake ƙarin ba mai yawa ba ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mai ciki da ke cin ragowar kwano a watannin bazara, wadda ba ta zuwa awo, wadda za ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ana iya taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta, ba kuma za a ga sakamakon ba sai bayan shekara 20. Ƙuruciya ma haka: duka mai tsanani, fyaɗe, wulaƙanci da rashin mai kula suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna ninka hatsarin.

Wiwi fa? Wasu sun ce ita ce, wasu sun ce ga wane yana sha shekara da shekaru ba abin da ya same shi.

Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma babu misalin da ya fi wannan nuna yadda rauni yake aiki. A Suwidin an bi matasa sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, aka fitar da sakamakon a 1987: waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun kamu ninki 6 na waɗanda ba su taɓa sha ba. Wani binciken na 2019 a biranen Turai da Barazil ya nuna mai sha kullum hatsarinsa ya ninka sau 3, idan kuma mai ƙarfin ce, kusan sau 5. Fara sha da ƙuruciya ya fi muni.

Amma yawancin mashaya ba sa kamuwa, shi ya sa wane yake nan garau. Matsalar ita ce ba a rubuta wa kowa rauninsa a goshi ba. Yaron da ke da wa ko kawu mai taɓin hankali, shi dai bai kamata ko kusa da hayaƙin ya je ba. Wanda ya riga ya kamu kuma ya ci gaba da sha, magani zai yi ta ginawa wiwi tana rushewa. Sholisho, tiramol da sauran ƙwayoyin da ake haɗawa su ma suna dagula lissafi, har likita ya rasa gane wanne ne ciwon wanne ne mayen.

Malam, mu dai an ce mana aljanu ne, wasu kuma sun ce sammu. Laifi ne mu yi ruƙiyya?

Hajiya, ba wanda zai hana ki yi wa ɗanki addu'a. Karatun Alƙur'ani cikin natsuwa yana kwantar wa mara lafiya da masu jinya hankali, kwanciyar hankali kuwa tana cikin abin da ake nema. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ba a ce maganin ba ya asibiti ba.

Abin da nake ja da shi uku ne. Na farko duka, da sunan ana dukan aljani, alhali jikin ɗanki ne yake fashewa. Na biyu turara hayaƙin barkono da tsare mutum ana yi masa tsawa a ka, wanda ga mai jin ana farautarsa tabbaci ne cewa da gaske ana farautar tasa. Na uku, wanda ya fi su ɓarna, mai maganin da zai ce a ajiye ƙwayoyin asibiti wai ba sa haɗuwa da nasa. Duk wanda ya faɗi haka a tashi a bar wurinsa.

Sai jinkiri. An tabbatar cewa gwargwadon daɗewar da mutum ya yi cikin ciwon ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa daidai. Gida da yawa sai an sayar da akuya da buhunan gero, an zaga gari uku wajen masu magani, an shekara biyu, sannan a iso asibiti hannu ba komai. Zargin sammu kuma yana da nasa dafin: mara lafiyan da ma yana zargin mutane, sai gida su tabbatar masa cewa kishiyar uwarsa ce. An raba zumunci, an kuma ƙara wa ciwon itace.

Laifinmu ne mu iyaye?

A'a. An taɓa yin zamani a Turai da Amurka da likitoci suke ɗora wa uwa laifi, an kuma yi watsi da wannan ra'ayi tuntuni. Amma yadda gida yake bayan ciwon ya bayyana yana da tasiri babba a kan ko zai sake tashi. A Ingila, George Brown da abokan aikinsa, sannan Vaughn da Leff a 1976, sun bi marasa lafiyan da aka sallama zuwa gida. Waɗanda suka koma gidan da ake yawan kushe su, ana hantara, ko ana shisshige musu fiye da kima, kusan rabinsu ciwon ya tashi cikin wata 9. Waɗanda suka koma gida mai sanyin hali, ko kashi ɗaya cikin biyar bai kai ba.

Kushen ba sai da zagi ba. "Kai dai ka zama kaya." "Dubi ƙanenka har ya yi aure." "Da gangan yake yi, ai yana jin kiran abinci." Shisshigin kuma shi ne uwar da ba ta barinsa ya je ko masallaci shi kaɗai, tana kuka a gabansa kullum. Duka biyun daga ƙauna da gajiya suke fitowa, ba wanda ya ce jinya sauƙi gare ta.

Abin da ya fi aiki shi ne magana gajera, ɗaya bayan ɗaya, da murya ƙasa. Idan ya ce ana bin sa, kada a yi ta musu, kada kuma a gaskata. A ce, "Mu ba mu gan su ba, amma mun ga kana cikin tsoro, muna tare da kai." A ba shi aiki daidai ƙarfinsa: ba dabbobi ruwa, tsince gyaɗa, rakiya kasuwa. A tsare masa lokacin barci. Masu jinya kuma su riƙa karɓa-karɓa, kada a bar wa mace ɗaya.

Zaman ƙauye ya fi masa ko birni?

Bincike a Turai ya nuna wanda ya tashi a babban birni hatsarinsa ya kai kusan ninki biyu na wanda ya tashi a karkara. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a ƙarshen shekarun 1960, wanda Ibadan tana cikin cibiyoyinsa, ya ba mutane mamaki: marasa lafiya a Najeriya da Indiya sun fi na ƙasashe masu arziki samun sauƙi. Masana sun yi ta muhawara a kan sakamakon daga baya, amma da yawa sun danganta shi da dangi da kuma aikin da mutum zai iya komawa ba sai da takarda ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu suna zuwa asibiti da rana, tsarin da ya yi suna a duniya.

Kada dai mu yaudari kanmu. Ƙauyen da ke da dangi shi ne kuma yake da yaran da ke bin mutum da jifa, da nisan asibiti, da gulmar da ke hana 'yan matan gidan samun miji.

Me magani yake yi, kuma har yaushe za a sha?

Magungunan suna rage tasirin dofamin ne, wato suna ɗaga iyakar abin da mutum zai iya ɗauka. Na farkonsu, kulofuromazin, an fara amfani da shi a Faransa a 1952. Yanzu akwai halofiridol, risfiridon, olanzafin da sauransu, akwai kuma allurar da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu, wadda ta fi dacewa da mai mantuwa ko mai ƙin ƙwaya. Ba sa aiki dare ɗaya. Barci da natsuwa sukan zo da wuri, muryoyi da zargi kuwa sai an yi makonni.

Babban kuskure shi ne dainawa da an ga sauƙi. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2012, an ga cikin shekara ɗaya ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na masu ci gaba da shan magani, amma kashi 64 na waɗanda aka cire musu. Raunin yana nan ko da mutum ya koma gona. Bayan tashin farko ana ci gaba aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu, wanda ya sha tashi kuma yakan daɗe ƙwarai. Likita ne zai rage, a hankali.

Maganin yana da nasa wahalar: yawan barci, ƙiba, karkarwar hannu, sanƙarewar wuya, dalalar yawu, wani lokaci raunin mazakuta, wanda kunya take hana faɗa har mutum ya daina sha a ɓoye. Duk waɗannan ana gyara su da canjin magani ko rage shi. A koma a faɗa, kada a je kemis a haɗa da kai.

Yana iya yin azumi?

Wanda ya samu sauƙi yakan iya, idan likita ya mayar masa da maganin zuwa bayan shan ruwa ko sahur. Abin tsoro shi ne tsallake magani da raba dare ba barci. A tambayi likita kafin watan ya kama, a kuma tambayi malamai game da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya.

Idan ya tayar, ba dole a ɗaure shi ba?

Yawancin masu wannan cuta ba sa taɓa kowa, su aka fi cuta. Wanda ya yi faɗa kuma galibi tsoro ne ya kai shi, ko maye ya shiga. Mari da turu suna barin gyambo a ƙafa, suna shanye jijiya, suna kuma koya wa mutum cewa danginsa abokan gaba ne. Kowa ya ga abin da aka fito da shi daga gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya.

Idan ya tayar, a kawar da wuƙa, lauje, fetur da maganin ƙwari. A rage taron 'yan kallo. Mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya yi masa magana, kada a tare masa ƙofa. Sannan a nemi mota a tafi asibiti a ranar. Hatsarin da ya fi girma a kansa yake: kusan 5 cikin 100 na masu cutar suna kashe kansu, musamman matasa a shekarun farko. Duk maganar gajiya da duniya, ko muryar da ke ba shi umarni, ba abin jira ba ne.

A yi masa aure, ko zai warware?

Aure ba magani ba ne. Hidimar biki, bashi, sabon nauyi da rashin barci suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Amma wanda ya daidaita, yana shan magani, yana sana'arsa, ba abin da zai hana shi aure, da yawa suna nan da iyalinsu. Sharaɗin shi ne a gaya wa ɗaya gidan gaskiya. Ɓoyewa yaudara ce, kuma ita take sa amarya ta ga ƙwayoyi a ƙarƙashin katifa ta tattara kayanta, ko angon ya daina sha don kada a gani.

Inda cutar ta bayyana a ɓangarorin dangi biyu, a yi tunani sosai kafin a haɗa auren zumunci a tsakaninsu. Mace mai shan magani kuma ta sanar da likita tun kafin ciki ko da zarar ta gane, kada ta daina da kanta, a kuma sa mata ido sosai a kwanakin jego.

Ina za mu kai shi, kuma me za mu tafi da shi?

A Kano akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Jigawa akwai na Kazaure. Wanda garinsu ya yi nisa ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi, su duba ko zazzaɓi ne ko wani ciwon jiki, su rubuta masa takardar turawa.

Wanda zai raka shi ya zama mai kwana gida ɗaya da shi, wanda ya san yaushe barci ya fara gagara da abin da ya faru kafin nan, ba kawun da ya zo daga wani gari jiya ba. A tafi da kwalayen duk maganin da ya sha, har na gargajiya. A faɗi gaskiya game da shaye-shaye da kuma wani a dangi da ya taɓa yin irin wannan. Kafin a baro asibitin a tambayi ranar dawowa da kuɗin maganin wata guda, a kuma tambaya ko ana iya yi masa allurar a asibitin da ya fi kusa da gida.